Gandiroban da Ya Ajiye Kulki

Babanmu gandiroba ne, shekara ashirin da biyu yana aiki a gidan yari. Fursunoni Kulki suke ce masa, abokan aikinsa ma haka. Gajere ne mai kaurin wuya, kuma idan zai daki mutum ba ya ɗaga murya. Ya fi son gwiwa da idon sawu, don a cewarsa nan ciwo ya fi daɗewa. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Yayana har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Amma ran Lahadi Baba ne a bencin gaba a coci, takalmi na sheƙi, yana rera waƙa kamar ana jan tsohuwar ƙofar ƙarfe. Mama takan ce, "Lallai Allah mai haƙuri ne, tunda yana sauraron wannan muryar."

A cikin fursunonin akwai wani dattijo, Tela, wanda aka ɗaure saboda ya soki ƙaninsa da almakashi a rikicin fili. A kurkukun ya tuba, ya riƙa tara 'yan ɗakinsu suna addu'a da safe. Wata rana ana ƙirgar fursunoni bai gama addu'a da wuri ba, Baba ya kama hannunsa ya sa a bakin ƙofa ya datse. Yatsu biyu suka karye, suka warke a karkace. Tela bai sake iya riƙe allura ba.

Shekarar da nake aji uku a sakandare, injin ruwan gidan yarin ya lalace ana tsakiyar zafi. Kwana uku babu ruwa sai ɗan abin da ake rabawa a kofi. Mutum biyu suka mutu a ɗaki ɗaya. A rana ta huɗu, lokacin rabon abincin rana, wani ƙato da ake kira Dogo ya ɗaga tukunyar miya mai tafasa ya watsa wa gandiroban da ke rabo. Nan take wuri ya kaure. Aka ɓalle ƙafafun gadaje, aka fasa ofis, aka cinna wa katifu wuta.

Baba suka fi nema. A bayan kicin suka rutsa shi, su wajen goma. Suka ƙwace kulkinsa, da shi suka fara. Suka karya masa hannu, suka tattake masa haƙarƙari, Dogo ya caka masa cokalin da aka wasa a idon dama. Baba ya ce yana jin wani yana cewa a kawo kananzir.

Sai wani ya faɗo a kansa ya rufe shi da jikinsa. Tela ne.

"Ku bari! Ya isa haka!"

"Tsoho, tashi! Ba shi ya nakasa ka ba?" in ji Dogo.

"Ni ya nakasa, ba kai ba. Yesu ya mutu dominsa kamar yadda ya mutu domina. In za ku ƙona shi, ku haɗa da ni."

Suka dake shi da ƙafar gado har sau uku, bai saki ba. Ana cikin haka aka ji harbi daga bakin ƙofa, sojoji sun iso, kowa ya watse. Tela ya ja Baba ya tura shi ƙarƙashin teburin yanka nama, ya fito fili yana ɗaga hannu don ya kira a zo a ɗauke shi. Sojan da ya fara shigowa kayan fursuna kawai ya gani da jini a jiki. Harsashi biyu ya sa masa a ƙirji, nan take ya cika. Da idon da ya rage Baba ya gani.

Wata biyu ya yi a asibiti. Da fasto ya zo yi masa addu'a, bango ya juya wa fuska. Da ya dawo gida sai ya zauna a tsakar gida ya yi ta kallon ƙasa. Wata safiya ina ba shi magani ya ce, "'Yata, shekara nawa ina zuwa coci?"

Na ce, "Tun kafin a haife ni, Baba."

"To me nake zuwa yi? Mutumin nan sau ɗari na kalle shi, lamba kawai nake gani a rigarsa. Shi me ya gani a jikina?"

Daga ranar ya ce in riƙa karanta masa maganar Allah, don ido ɗayan yana saurin gajiya. Yakan tsayar da ni ya yi gardama, wani lokaci ya ce in rufe, ya yi kwana biyu bai nema ba. Addu'arsa ta farko da na ji ba ta da kyan tsari. Cewa ya yi, "Ya Ubangiji, ni mugu ne, ka sani. Ban san yadda ake dainawa ba. Ka nuna mini."

Ya nemi gidan matar Tela ya je ya durƙusa, ya faɗa mata har maganar yatsun. Ta sharara masa mari a gefen makahon idon, ta rufe ƙofa. Ya sake komawa sau huɗu kafin ta ba shi kujera.

Da ya koma aiki, abokansa suka ce sun ajiye masa tsaraba. Suka kai shi ɗakin horo. Dogo na rataye da ankwa a jikin taga, fuska a kumbure, bakinsa na zubar da jini. Oga, shugabansu, ya miƙa wa Baba sabon kulki.

"Ga naka. Ido ɗaya kake binsa, cire."

Baba ya ce ransa ya so dukan ƙwarai. Ya daɗe yana kallon Dogo. Sai ya ga leɓensa ya tsattsage don ƙishi, ga shi yaro ne ashe, bai wuce sa'an yayana ba. Ya ajiye kulkin a ƙasa, ya tsaya tsakaninsu.

"Ranka ya daɗe, ba zan dake shi ba. Kuma ina nan tsaye ba mai sake taɓa shi."

"Ka haukace ne? Matsa!"

Bai matsa ba. Mutum uku suka ture shi, ya tashi ya koma. Ɗaya ya sa masa gindin bindiga a haƙarƙarin da bai gama ɗinkewa ba, ya faɗi, ya rarrafa ya rungume ƙafafun Dogo. Da surutu ya yi yawa har ma'aikatan ofis suka fara leƙowa, Oga ya yi tsaki ya ce a kwance Dogo.

An rage wa Baba muƙami, aka mayar da shi gadin ƙofar baya, inda ya ƙarasa shekarunsa na aiki. Dogo bai taɓa gode masa ba. Ranar da ya kare Dogon, a ɗingishe ya dawo gida da la'asar. Mama ta dafa ruwa tana gasa masa gefe da tsumma, tana faɗa.

"Kai yanzu a tsufanka za ka koyi shan duka?"

Ya fara dariya, ciwo ya katse shi. Ya ce, "A hankali, uwargida. Gobe ma ina da aiki."