Birkin Motar Baba

Da ciwo ya kwantar da Baba, ya ce in kai shi Maiyama ya ga yayarsa. Ya ƙi motar haya, sai dai tsohuwar motarsa da ya daɗe yana ɗauko albasa da ita daga Aliero. Birkinta na gaba kuwa ya mutu. Makanike a Jega ya ce mani, "An daina yin irin wannan diram ɗin, sai dai mu sa mata na faifai." Sati uku muna jiran kaya daga Sakkwato. Kullum Baba sai ya ce, "An gama?" In ce masa saura kaɗan.

Ranar da aka ɗaure tayoyin, kwanansa biyu a kabari. Na karɓi makulli, na rasa inda zan nufa.