Jaridar da ta rufe fuskar Babanmu

Mahaifina Sabo manomin albasa ne a Aliero, ya rasu ina cikin zanen goyo. Hotonsa ɗaya ne a duniya, kuma duk ranar da na ɗauko shi sai raina ya ɓaci.

Mutanen gari ba su gajiya da ba ni labarinsa. Wai da sanyin safiya yake shiga fadama, wai ko mahaukaci ya gifta sai ya gaishe shi, ga kunya kamar amarya. To, kamanninsa fa? Wannan ya ce dogo ne, wancan ya ce ai bai kai haka ba.

A zamaninsu akwai mai hoto a kasuwar Jega, yana rataya labule jikin bango, ya aje kujera da rediyo da tsohuwar jarida. Manomin da bai taɓa shiga aji ba sai ya harɗe ƙafa ya buɗe jarida, ya fito ɗan boko sak. Babana ma haka ya so, don a kai wa Innata Zulai hoton a Maiyama, lokacin yana nemanta. Ya ari babbar riga, ya zauna, ya riƙe jarida daidai ƙirji. Mai hoto na shirin dannawa sai ga mahaifin Inna ya ɓullo daga layin mahauta. Kunyar suruki ta sa Baba ya ɗaga jarida har goshi. Aka danna. Ya tashi sumui-sumui ya bar wurin, bai sake zama gaban mai hoto ba har ya koma ga Allah.

Bara na kai hoton wani shago a Jega aka faɗaɗa shi da kwamfuta. Jarida ta fito tas, har tallan sabulu ana karantawa. Na Baba kuwa, hula ce da yatsu da gefen kunne ɗaya. Na ɗauki abina na koma gida cike da takaici.

Na aje hoton gaban Inna, na ce tunda ita ta zauna da shi, ta faɗa mini yadda hancinsa da idanunsa suke. Ta daɗe tana shafa wurin yatsun nan, sannan ta ce, “Wallahi ɗiyata, ni ma ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba. Kunya nika ji. Ina cewa muna da sauran lokaci.”