Zogalen Kaka a Filin Na'urar Yanayi

Ranar da muka sauka unguwar Ka'akiyya a ƙasar Larabawa, kafin in ga ƙofar gidanmu, sandar na fara gani. Doguwa ce ta ƙarfe, a tsaye a ƙarshen wani fili mai tsakuwa, an kewaye ta da shingen waya, a can samanta wasu 'yan kofuna suna ta juyawa kamar ludayen da aka ɗaure wuri guda. Ina bayan motar kaya tsakanin katifa da tukwanen Umma, na rungume jakar makarantata. An rushe lungunmu na Tandabawi, kowa a motar ya yi jugum, ni kuwa idona na kan kofunan nan. Har yau in na ga abu yana juyawa a iska, ƙanshin ɗanyen zogale da ƙaurin gawayi suke zuwar mini tare.

Ni yarinya ce marar magana. In baƙo ya shigo, bayan labule nake komawa. Don haka tagar ɗakinmu ta zama wurina, filin kuma na san shi kamar tafin hannuna. A jikin sandar akwai wasu fararen farantai da aka jera a kife, da allo mai shan hasken rana, da wani mazurari da ke buɗe baki yana jiran ruwan saman da sai a shekara bai zo ba. Abba ya ce na'urar auna yanayi ce, ita kaɗai take aikinta, tana aika labarin zafi da iska can ofis. Kakata ta wajen uba, wadda muke zaune da ita, ta leƙa ta taga ta ce, "Wannan ludayi bai san gajiya ba. Ko miya babu, sai juyi."

Kaka ce ta fara raya filin. Wani alhaji ya zo mata da irin zogale daga gida, ta shuka shi a jikin bangon gininmu, nesa da shingen sosai. Ruwan da mukayyif ke ɗigarwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi take tarawa a bokiti, ni nake saukar mata da shi. A shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakiyar zafi, tsakuwa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, amma itacen ya kama. Ba ta barin shi ya wuce inda hannunta ke kaiwa, kullum tana datse kansa. Da yamma sai ta shimfiɗa tabarma a gindinsa, matan gini su sauko, ana tsinkar ganye ana hira, Hausa da Larabci a cakuɗe. Kwaɗon zogalen Kaka ya shiga kowane ɗaki a ginin nan lokacin buɗa-baki.

Akwai mutumin da ke zuwa duba na'urar jefi-jefi, Balarabe mai furfura a gemu, a farar mota. Da safe yake zuwa, bai taɓa saɓawa ba. Ya buɗe kwaɗon shinge, ya goge allon, ya busa mazurarin, ya tafi. In ya hangi Kaka tana ban ruwa yakan ɗaga mata hannu, ita kuwa sai ta juya baya. Igamarta, takardar izinin zama, ta daɗe da ƙarewa, Abba yana ta faman sabuntawa. A gidanmu duk abin da ya yi kama da hukuma, ko mota ce mai tambari, ba ma haɗa ido da shi.

Wanda ya fi kowa sanin wannan shi ne haris ɗin gininmu, mai gadi. Bahaushe ne ɗan garinsu Abba, Abba ne ma ya samo masa aikin. Kawu nake ce masa, kuma duk Juma'a a gidanmu yake cin tuwo. Wata rana ya hawo sama, ya durƙusa a bakin ƙofar Kaka, ya ƙasƙantar da murya.

"Hajiya, mutanen na'ura sun yi magana. Wai ganyen nan yana tare musu iska, ruwan da kike zubawa yana rikita musu aiki. Sun ce a sare."

"Ɗan itacen nan da bai kai ka tsawo ba?"

"Ni ma haka na ce musu, wallahi. Sai suka ce to za su zo da kansu su ga mai itacen. Da takardunsa."

Washegari da na dawo daga makaranta, babu itace. Kawu ya sare shi, ya zuba baƙin mai a kututturen don kada ya toho. Ganyen da ya zube a kan tsakuwa har ya fara yaushi. Na tsince shi a cikin ɗankwalina na kai wa Kaka. Ta dube shi ta ce, "Zubar, ƙawata. Warin mai yake."

Babu wanda ya je ya tambayi mai farar motar ko gaskiya ne. Wa zai je?

Ba a daɗe ba Kawu ya fito da rabin duro da buhun gawayi, ya kafa tukubar tsire. A lokacin na gane. Muddin mata suna zama a filin nan da yamma, maza ba za su taru su ci nama a wurin ba. Da farko a kan kututturen ya kafa ta. Da hayaƙi ya dami masu tagogi, sai ya ja duronsa har jikin shingen waya, ya rataya fitilarsa da tsummansa a kai. Bayan la'asar yake hura wuta. In ya tashi ya kwashe komai ya tura ƙarƙashin bene, ya share toka tas, gari ya waye fili fes kamar ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba.

Kaka ta daina sauka. Bokitin mukayyif ya riƙa cika yana malala a baranda. Tana zaune a gefen gado da carbi, hayaniyar masu sayen nama tana shigowa. Ranar da ya fara ciniki har tsire ya aiko mata a takarda, wai ta sa albarka. Umma ta ajiye a gabanta, ba ta ko kalla ba. Na ɗauka na juye wa kuliyoyin bayan gini, na tsaya har suka cinye.

Abba ya ce a bar shi da Allah. Umma ta ce in kama bakina, ba mu da ƙarfin rigima a ƙasar mutane. Na kama bakina, ai dama a kame yake. Amma na daina amsa gaisuwarsa. In ya ce, "'Yar boko, an dawo?" sai in wuce ina kallon takalmina, ina roƙon Allah a raina Ya kifar da duron nan. Kullum da yamma ina taga. Na lura hayaƙin yana bin iska kai tsaye zuwa fararen farantan nan, har farinsu ya soma komawa ruwan toka.

A aji kuma abla, malamar kimiyya, ta yi mana bayanin irin wannan na'ura. Ta ce a buɗaɗɗen fili ake kafa ta, nesa da dogon gini da babban itace, kuma ba a son wuta ko wani abu mai zafi kusa da ita, don za ta auna zafin abin ta ce na gari ne. Ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa ganin irinta. Ban ɗaga hannu ba. Na dai riƙe maganar.

Wata safiya a lokacin hutu farar motar ta zo. Na ga mutumin ya shafa farantan da yatsa, ya dubi yatsan, ya shinshina. Ya waiga hagu da dama, fili a share, babu komai. Ya ɗauki waya yana faɗa da wani, ina jiyo shi yana cewa ya canja abin awon tuni, amma kullum da yamma zafi sai ya yi tsalle. Kawu kuwa yana barcinsa na safe a ɗakin gadi.

Na sa abayata, na ɗauki bokitin ruwa kamar zubarwa zan yi, na sauka. Ban taɓa yi wa baƙon namiji magana ba. Shi ya riga ni.

"Ya binti, 'yata, ina tsohuwar nan mai itace? Me ya sa kuka sare shi?"

"An ce ku kuka ce a sare."

"Mu? Ɗan itacen da ke can jikin bango? Me ya tsare mana? Wa ya faɗa muku haka?"

Ban faɗi sunan kowa ba. Na san igamar Kawu ta gadi ce, ba ta sayar da nama ba, na kuma san abin da ke biyo baya in hukuma ta samu wuta a jikin shingenta. Duk wannan ya zo mini a rai, na auna shi da ganyen da Kaka ta ce in zubar.

Kafin in gaya maka abin da na ce masa, bari ka ji yadda aka ƙare. Ba a yi nisa ba duron ya ɓace, haris ya bar ginin. Wasu suka ce Jidda ya koma, wasu suka ce gida aka mayar da shi, ban taɓa tambaya ba. Kaka ba ta sake shuka komai ba, amma ta koma saukowa da tabarmarta, mata suka dawo, suna zama a inuwar bango. Yanzu dogayen gine-gine sun rufe filin ta kowane gefe, an cire sandar an kai ta can bayan gari inda iska ke da hanya, wurin ya zama ma'ajiyar motoci. Kaka ta rasu. Umma, da na ba ta labari bayan shekaru, ta ce in nemi gafara. Ina neman gafarar abubuwa da yawa, wannan dai har yau bakina bai iya sa shi a ciki ba.

Na ajiye bokitin a kan tsakuwa, na ɗaga kai na dubi mutumin a ido, abin da babu wanda ya taɓa yi a gidanmu.

"Ya ammi," na ce da Larabci, "baffa, don Allah, in za ka sake zuwa, kada ka zo da safe. Ka zo bayan la'asar."