Hannun Kawu Siradji da Sitiyarin Wasa

Kawuna Siradji direban taksi ne tsakanin kasuwar Grand Marché da unguwar Farcha tun ina goye. Motar ta Alhaji Mijinyawa ce, mai fataucin shanu, amma kowa da sunan Kawu yake kiran tsohuwar Fijo ɗin nan. Abin da ya yi suna a kansa kuwa gaisuwa ce. Kawu ba ya gai da babba da hannu ɗaya, ko da yana tuƙi. Sai ya saki sitiyari, ya ɗaga hannu biyu, ya tambayi iyali da gajiya, mota tana tafiya abinta, fasinjoji suna ta salati a baya. Bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba ya barin ka manta da haka.

A 2004 na buɗe shagon wasan kwamfuta a unguwar Klémat. Na sa aka kawo mini sitiyarin wasan tsere daga Dubai, mai inji a ciki: in motar cikin kwamfuta ta faɗa rami, sai ka ji ya fizge maka hannu. Ni kuma, don in burge unguwa, na ƙure masa ƙarfi har ƙarshe.

Kawu ya zo kallo. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya laluba madubi bai samu ba. Yana kan miƙaƙƙiyar hanya sai ga Alhaji Mijinyawa ya leƙo, don ya ga taksinsa a ƙofar shago. Kawu ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu. Sitiyari ya fara kaɗa kai, hagu, dama, can sai ya haukace, tebur na rawa, kofin shayi ya kife. Kawu ya cafke shi, abin ya riƙa jijjiga shi har kafaɗa, hularsa ta faɗi, mota ta shige katanga.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Ashe gaskiya ne da ake cewa hannunka ya fara rawa. Malam Siradji, ba ni makulli."

Kawu ya miƙa makulli, ya ce, "Injin ne, Alhaji."

"To a gyara injin. Zan dawo bayan sallar Juma'a. In hannunka ya tsaya, makulli naka ne."

Na ga ta kaina a makon nan. Kawu ya ce shi zai yi gyaran, tunda shi ya san mota. Ya shiga ƙarƙashin tebur neman inda ƙafar mota ta saki. Ya cusa kwali a ƙafar teburin, wai balas ne babu. Ya ɗaure sitiyarin da robar tsohon tub. Ranar da na same shi da gwangwanin giris yana neman inda zai ɗura, raina ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, don girman Allah, babu taya a nan."

Ya ce, "Shi ya sa take rawa."

Gyaran gaskiya a cikin kwamfuta yake. Injin yana tura sitiyari ya koma tsakiya, amma ƙarfin da na ba shi ya yi yawa, sai ya wuce. Ya dawo da shi, ya sake wucewa, kamar mutum biyu masu jayayya kowa yana ƙara murya. Na rage ƙarfin sosai. Kawu ya taɓa ya ce wannan murfin tukunya ne. Na ɗan ƙara, sannan na ƙara abin da ke sa masa nauyi don kada ya riƙa juyawa da sauri. Haka muka yi ta gwaji: ni in fita in shigo da sallama a matsayin Alhaji, shi ya ɗaga hannu biyu, mu duba sitiyari. Ranar Alhamis sitiyarin ya nutsu.

Ranar Juma'a Alhaji ya zo, rabin layinmu na biye da shi. Kawu ya ja mota a hankali, duk motocin tsere suka wuce shi, yana miƙa hannu yana ba su hanya. Da ya hau miƙaƙƙiyar hanya sai ya juyo ya ɗaga hannu biyu.

Sitiyari ya tsaya cak. Hannun Kawu na hagu ne yake rawa a sama, shi kaɗai. Ban taɓa lura ba, don a cikin Fijo komai rawa yake yi, har haƙoran fasinja. Wallahi na ji kamar in kashe janareta.

Kawu ya daɗe yana kallon hannun. Alhaji ya riga ya fito da makulli, ya ma miƙa masa duk da haka. Kawu bai karɓa ba, ya ce, "Kalas, shi ke nan, Alhaji. Mutane nake ɗauka." Sannan ya juyo gare ni. "Taufiq, mayar da shi yadda yake."

Na ƙure ƙarfin kamar da. Tun daga ranar, kullum da hantsi Kawu yana shagona, yana kokawa da sitiyari, yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa injin nan ko saurayi sai ya sa hannunsa rawa. Kowa yana cewa haka ne, Baba. Masu wasa suna ƙorafi cewa sitiyarina mahaukaci ne, wai bari su gyara mini shi. Duk wanda ya taɓa, korarsa nake yi.