Yadda 'Yata Ta Zama Falmata

Ranar sunan 'yata ta biyu a Toranke, cikin shekarun 1970, a ɗaki na wuni ina kuka.

Na riga na zaɓo mata suna mai daɗi daga littattafan hikayar da nake karantawa, sai maigida ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, Fatsima. Ni kuwa bakina bai isa ya ambaci sunan surukata ba. Ke nan ba zan taɓa kiran 'yata da sunanta ba?

Sai ga Ya Kolo, tsohuwar Babarbariya mai kawo turaren wuta daga Gaya. Na faɗa mata damuwata, ta ce:

"Yarinya, share hawayenki. Sunan 'yar Annabi (SAW) ne, da Larabci ma'anarsa wadda ta yaye ɗa. Fulani na cewa Fadimatu, a Makka na ji 'yan Sanagal suna cewa Fatu, mu a Barno Falmata. Ari namu!"

Ashe surukata na bakin ƙofa. Ta kwashe da dariya: "Wace ce Falmata? Ni ban san ta ba. Kira abarki."

Ku a gidanku yaya kuke sakaya wannan suna? Ni dai tun daga ranar nan Falmata nake kiranta, yau ga ta da jikoki.