Hulunan da Falmata ta Gani a Kan Ruwa

Gwammaja, ƙarfe shida saura kwata

Na fito ranar Asabar gari bai gama wayewa ba, ba wanda zan yi wa sallama sai kwaɗon ƙofa. Tun da maigidana ya rasu haka nake fita. A jakata akwai littafin Falmata, ɗalibata 'yar aji shida. Ta rubuta labarin wata yarinya a wani gari na Barno da ta ga huluna suna tafiya a kan kogi, ja da kore da mai ruwan ƙasa, wai masu wankin hula ne suka yi barci ruwa ya kwashe musu kaya. Da na karanta a aji har hawaye na yi don dariya. Nan take na yi mata alkawarin za ta karanta shi ranar rabon kyaututtuka, hedimasta kuma ya ce sai da yardar gida. Baffanta da ke riƙonta da wuri yake fita aiki, shi ya sa na yi sammako.

A bakin lungu 'yan sintiri ba su ɗage ƙarfen da suke tare hanya da shi ba.

"Malama, makaranta har ran Asabar?"

"Ɗage mini dai, ɗan nan, sauri nake yi."

Mai adaidaita sahu ya ce ɗari huɗu zuwa Kabara, muka daidaita a ɗari uku. Ya zaga da ni ta Yakasai ya sauke wata mai bokitin koko, tafiyar minti goma sha biyar ta koma ashirin da biyar.

Kabara, shida da rabi

Na sami baffan nata, Malam Modu, a zaure, shi ma wankin hula yake yi, ga su nan jere a kife suna ɗiga. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini shayi da burodi. Ni da rawar kaina na buɗe littafi na hau karanta masa, ina tsayawa a wuraren da yara suka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Malama, maimaita wurin mai ruwan ƙasar nan."

Na maimaita.

"Ta ƙanina ce. Mahaifinta."

Ya ce ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu, maza kogi suka faɗa don su haye, aka bi su da harbi. Mata suka kwanta cikin ciyawar bakin ruwa da 'ya'yansu. Falmata tana da shekara huɗu. Uwarta ce ta raɗa mata zancen masu wankin hula don kada ta yi kuka a ji su.

"Ita abin da ta sani, babanta ya rasu a hanyar fatauci. Taron naku kuwa, matan garinmu da yawa za su zo. Kowacce tana da hula a ruwan nan."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a shekara ashirin da biyu ina koyarwa. Ina nan riƙe da kofi sai ga Falmata ta leƙo, hannunta duk kumfar wanke-wanke.

"Malama, ina kwana? Baba ya yarda?"

Malam Modu ya sunkuyar da kai ya bar ni da ita. Na ce an rage lokacin taron, bana ba za a karanta labari ba. Sai ta ce, "Ko bai yi daɗi ba ne, Malama? In ƙara masa abin dariya?"

Na ce za mu yi magana ranar Litinin.

Komawa

Ban hau komai ba. Na taka ta Kurmi, 'yan kasuwa na buɗe rumfuna, wasu suna gaishe ni ina amsawa da ka. Awa ɗaya da minti goma na yi a hanya, na shiga gida tara saura kwata.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Modu da bai ɗaga mini murya ba. Na zauna a tabarma ko mayafi ban cire ba, babu wanda zan gaya wa a gidan, shi ya sa na rubuto muku. Jibi Falmata za ta zo gaban teburina, har yanzu ban san abin da zan ce mata ba.