Yadda Na Daina Bin Bango

Assalamu alaikum. Wata tara ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu turo saƙo na gani, amsawa ce ban iya ba. Yau zan faɗa gaba ɗaya.

Da jiri abin ya fara. In na miƙe daga kan keken ɗinki sai in ga ɗakin ya ɗan juya. Na ɗauka zafin Sakkwato ne, ko kuma ɗaukewar al'ada, tunda na haura hamsin. Ban je asibiti ba.

Wata safiya na fito banɗaki da buta a hannu, ƙafata ta zame. Faɗuwar ba wata babba ba ce, amma wuyan hannuna na dama ya karye.

An yi hoto, an sa mini siminti. Aka auna jinina aka ce ya hau. Akwai wani gwajin ƙashi mai tsada, sai da muka jira ƙarshen wata kafin a yi shi. Da sakamakon ya fito, likita ya ce ƙasusuwana sun yi rauni, kuma hakan na samun mata a shekaruna.

Bayan sati shida aka cire simintin. Hannu ya haɗe. Tsoro ne ya rage.

A cikin gidana da bango nake tafiya. Wanka a zaune. Na daina zuwa kasuwa, na daina zuwa biki. Daga unguwarmu Gidan Dare zuwa Ƙofar Rini, gidan mahaifiyata, sai da wani ya riƙe ni.

A sashen gashin ƙashi na haɗu da wata likita, matashiya mai ƙarancin magana. Ta ce in tsaya da ƙafa ɗaya. Ba ta kai ga ƙirga uku ba na cafke ta.

Ta ce, "Hajiya, zaman nan da kike yi shi zai sake kayar da ke."

Ta nuna mini bidiyo a wayarta. Sunan abin tai chi, motsa jiki ne na mutanen China. Wata dattijuwa ce ke ɗaga hannu a hankali, tana mai da nauyinta daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ba tsalle, ba gudu. Ban ga alamar magani a ciki ba. Na karɓa ne don kada in ba ta kunya.

Na fara yi na tsawon minti goma bayan sallar asuba, a tsakar gida, hannu ɗaya a kan kujera.

A sati na biyu Yaya Hajo, yayar maigidana, ta shigo ta same ni hannu a sama.

"Mi kike yi haka? Kada dai ibadar wasu mutane kike kwaikwayo."

Maganar ta tsaya mini. Kwana huɗu ban yi ba. Daga baya na miƙa wa maigidana Malam wayar, ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya sake kallo. Ya ce bai ga sujada ba, bai ji an kira kowa ba.

"Ni dai ɗaga ƙafa na gani. In kin ga abin da ya saɓa, ki bari."

Na ci gaba. Gwiwata ta kumbura saboda ina durƙusawa fiye da kima, likitar ta gyara mini tsayuwa. An canza mini maganin hawan jini, jirin ya ragu. A wata na uku na saki kujerar.

Satin da ya wuce na taka ruwan sabulu a bakin famfo. Ƙafar hagu ta tafi, ta dama ta riƙe ni. Ban faɗi ba. Ba wanda ya gani. Na ɗauki bokitina na shiga ciki.

Ban koma kamar da ba. Hannun yana ciwo in na daɗe ina yanka atamfa, magani kuma kullum ne. Alhamdulillahi a kan hakan. Na gode wa Malam, da likitar nan, da masu kawo ɗinki da suka yi haƙuri da ni.

'Yan'uwana mata, in kin fara jin jiri, je ki a auna ki. Kafin ki fara tai chi ki tambayi likita, kada ki bar maganinki saboda shi. Ki samu wuri busasshe, ki cire silifas mai santsi. Kwanakin farko za ki ji kamar ba komai kike yi ba. Ki ajiye kujera kusa da ke, ki riƙe ta har ranar da hannunki zai sake ta da kansa.